Haruffa Biyar a Allon Madam Serwa

Bencin 'yan firamare ne, gwiwata ta fi teburin tsawo.
Ni Mumuni, telan Aboabo, shekara sittin da ɗaya,
na kulle shago bayan isha'i, na zo koyon bakin Bature.
Madam Serwa ta ɗauki alli ta jera haruffa biyar:
clear.
Ta ce, "Jimla uku kowa, kafin Laraba."

Na yi dariya a ciki, wannan ai tsohuwar sani ce.
Kullum a tashar Asafo yaran mota na ihu,
"Direba, yi kiliya, akwai mai sauka!"
Na rubuta direba ya yi ta, na ɗiga aya, na kwanta.
Jan biro ya ratsa ta
kamar almakashi a yadin da aka auna ba daidai ba.

"Baba," in ji ta, da Hausarta mai gishirin Tonanci,
"can aiki ne, nan sifa muke nema.
Maɓalli ce, ba ta tsayuwa sai a jikin riga.
Kawo ruwa, kawo sama, kawo murya, sannan ka ɗinka ta.
In kuwa magana ce ta fito fili,
fara da it is clear that,
ka bar ƙofa buɗe, gaskiyar ta shigo da ƙafarta."

Na ce mu ai buhu guda gare mu:
a sarari, ƙarara, ɓaro-ɓaro, ƙiri-ƙiri,
abin da ko makaho ya shafa zai ji.
Ta ce, "Juye su duka a ɗan kwanon nan, zai ɗauka.
Sharaɗi ɗaya ne:
kada ka kira abu da ita
sai wanda kake gaya wa shi ma ya gani."

Nan fensirina ya tsaya.

Shekara uku ke nan, a asibitin Manhyia,
likita ya riƙe takardar Fulera
yana zuba Turanci kamar ruwan Yuni a kan kwano:
sunan ciwo, sunan ƙwaya, safe kaza, dare kaza.
Ya ɗago kai ya ce, "Is it clear?"
Ni da hula, da furfura, da kunyar a ce ban sani ba,
na ce, "Yes sa."
Ban ji komai ba sai bugun ƙirjina.
Ban ce shi ya ɗauke ta ba, kwana ne ya ƙare.
Amma amsar nan tana maƙale a wuyana har yau,
ƙayar kifi ce, ba ta wucewa, ba ta fitowa.

Daren Talata aka ɗauke wuta.
Na ture keken ɗinki gefe, na kunna tocila.
Ta farko: ruwan kwatar bayan gidanmu is not clear.
Mai sauƙi, hanci ma shaida ne.
Ta biyu: it is clear that idona ya tsufa,
jikata Adiza ke zura min zare tun azumin bara.
Rabin jimlar na bari da Hausa, na san zan sha ja.
Ta uku na daɗe a kanta,
har mai koko ta fara hura wuta a lungu.
It is clear that I did not understand the doctor.

Laraba Madam ta karanta, ta gyara ta biyu.
Da ta kai ta uku sai ta cire tabarau,
ta goge shi da bakin zani, ta daɗe tana gogewa.
Ta sa alamar daidai, ƙarama, ba ta ce komai ba.
Ban taɓa cin jarrabawa na ji ɗaci haka ba.

Ta koma allo, sabuwar kalma, doguwa mai wutsiya,
ta yi bayani, ta karkaɗe alli daga hannu,
ta juyo kamar kullum: "Class, is it clear?"
Mutum ashirin da biyu suka amsa, "Yes, Madam!"

Na ɗaga hannun nan mai kantar almakashi.
Na ce, "No, Madam.
A maimaita."